'YAN JAR MUNDUWA: WASAN YARA MARASA LAFIYA DA ABIN DA 'YAN KALLO SUKA GANI A CIKINSA

Idan aka ce wa mutum ya zo ya zauna kallon wasan kwaikwayo wanda tun daga farkonsa har ƙarshensa a asibiti a ke yinsa, 'yan wasan kuwa yara ne marasa lafiya, waɗansu an yanke musu ƙafa, waɗansu gashin kansu ya zube, galibi sai ya ce a kai kasuwa. Wa zai gama wahalar yini, sa'an nan da dare ya zauna ya jawo wa kansa baƙin ciki? Amma ga shi an yi wani wasa irin wannan a ƙasar Sifen cikin 2011, mutane suka yi ta rububin kallonsa, har ƙasashe da dama suka nemi izni suka sake yinsa da harsunansu. A wurare da yawa ya karɓu ƙwarai da gaske, a wuri guda kuwa ya faɗi. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarinsa, gama cikin abin da 'yan kallo suka so da abin da suka ƙi akwai darasi ga iyaye da malaman makaranta.

MAI LABARIN

Sunan wasan Polseres Vermelles da harshen mutanen Kataloniya, watau Jajayen Mundaye. Kataloniya wani yanki ne a arewa maso gabashin Sifen, babban birninsa Basalona, mutanen wurin kuma suna da harshensu dabam da na sauran ƙasar. Gidan talabijin nasu mai suna TV3 shi ne ya fara nuna wasan cikin watan Janairu na 2011, kashi 13, mako mako. Cikin 2013 aka yi zango na biyu, kashi 15. Wanda ya shirya 'yan wasan ya bi da su sunansa Pau Freixas, wanda ya rubuta labarin kuwa Albert Espinosa.

Shi wannan Espinosa an haife shi a Basalona cikin 1973. Yana ɗan shekara 14 ciwon daji na ƙashi ya kama shi. Wannan irin ciwo ya fi kama samari da 'yan mata lokacin da jikinsu ke saurin girma, galibi kuma kusa da gwiwa ya ke fitowa. Shekara goma Espinosa ya yi yana shiga asibiti yana fita, sai da ya kai 24 aka sallame shi. Kafin nan an yanke masa ƙafa guda, an cire masa huhu guda, an kuma yanke wani sashe na hantarsa. Duk da haka ya yi karatu har ya zama injiniya, daga baya ya koma rubuce-rubuce. Cikin 2003 aka yi sinima mai suna Planta 4ª bisa wani wasa da ya rubuta kan zamansa na asibiti, cikin 2008 kuma ya fitar da littafinsa El mundo amarillo.

Ya ba da labari cewa daren da za a wayi gari a yanke ƙafar tasa, wani likita ya ba shi shawara ya yi mata walimar ban kwana. Ya kuwa yi, ya gayyato mutane, har ya taka rawarsa ta ƙarshe da ƙafa biyu. Ya ce kuma shi da abokansa na ɗakin jinya sun yi alkawari, duk wanda ya riga sauran mutuwa, waɗanda suka rage za su raba rayuwarsa tsakaninsu, watau su ɗauki burinsa su cika masa. Waɗannan abubuwa duka ya sa su cikin wasan. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

YARAN NAN SHIDA

Labarin ya fara ne ran da aka kawo wani yaro Jordi asibiti don a yanke masa ƙafa, aka sa shi ɗaki guda da Lleó, wanda ya daɗe a nan, tasa ƙafar kuwa an riga an yanke. Akwai wani dattijo mara lafiya, Benito, abokin hirar Lleó, shi ne ya gaya masa cewa kowace ƙungiya ta abokai tana da mutum shida: shugaba, da mataimakinsa, da mai basira, da kyakkyawa, da yarinya, da kuma wanda ba a iya yi sai da shi. Sai Lleó ya shiga neman mutanensa ɗaki ɗaki a kan kekensa na guragu.

Shi ya zama shugaba, Jordi mataimaki. Yarinyar ita ce Cristina, mai fama da ciwon nan na ƙin cin abinci, wanda mai shi ke ganin kansa da ƙiba alhali kuwa ya rame ya ƙanjame. Mai basira shi ne Toni, wanda ya yi haɗari a kan babur, tunaninsa da maganarsa kuma ba irin na sauran yara ba ne. Kyakkyawan shi ne Ignasi, mai ciwon zuciya, wanda ya zo da girman kai yana cewa shi ba ya cikin marasa lafiya, gobe ko jibi zai koma gida. Wanda ba a iya yi sai da shi kuwa, abin mamaki, shi ne Roc, ƙaramin cikinsu, wanda ya shekara biyu cikin doguwar suma, ba ya motsi, ba ya magana. Da muryarsa a ke ba 'yan kallo labarin, a gefen gadonsa kuma sauran su ke taruwa.

Munduwar da wasan ya ci sunanta ba ta ado ba ce. Wani ɗan jan maɗauri ne da a ke ɗaura wa mara lafiya a wuyan hannu sa'ad da za a shigar da shi ɗakin tiyata. Lleó ya tara su da yawa saboda yawan aikin da aka yi masa, sai ya rarraba wa abokansa, kowa guda. Abin da ya ke alamar wuƙar likita ya koma alamar zumunci.

Kafin zangon farko ya ƙare Ignasi ya mutu wurin aikin zuciya, bayan ya sauke girman kan nan ya zama ɗan ƙungiya sosai. Roc kuwa ya farfaɗo.

YADDA AKA KARƁE SHI

A Kataloniya wasan ya ja jama'a tun daga makonnin farko. Daga baya aka ɗora masa muryoyi da harshen Sifen, kamar dai yadda a ke yi wa finafinan Indiya da Hausa, cikin 2012 kuma gidan talabijin na Antena 3 ya nuna wa ƙasar duka. Cikin 2015 aka ba shi lambar yabo ta Emmy ta ƙasashen duniya, a ɓangaren wasannin yara.

Mutanen Italiya suka yi nasu, Braccialetti rossi, wanda gidan talabijin na gwamnati, Rai 1, ya fara nunawa ran Lahadi da dare cikin Janairu na 2014. Daren farko mutum fiye da miliyan 5 suka kalla, daren ƙarshe na zangon kuwa fiye da miliyan 7. Wannan abin lura ne, don yawancin wasanni da jama'a mai yawa su ke farawa, sa'an nan a yi ta zamewa. Ƙaruwar 'yan kallo tana nuna wanda ya gani shi ke jawo wanda bai gani ba. Sai da aka yi zango uku, har zuwa 2016.

A Jamus gidan talabijin na VOX ya yi nasa, Club der roten Bänder, daga 2015 zuwa 2017, shi ma zango uku. Ya sami lambar Grimme cikin 2016, wadda Jamusawa ke girmamawa ƙwarai a sha'anin talabijin, cikin 2019 kuma aka yi masa sinima. Faransa ta bi baya cikin 2018 da Les Bracelets rouges a gidan TF1. Cili da Peru a Amurka ta Kudu su ma sun yi nasu.

To, mene ne ya riƙe mutane haka? Abin da aka fi ji daga bakin 'yan kallo shi ne sun zauna da shirin kuka, sai suka tarar da dariya ta fi yawa. Yaran nan suna tseren keke a barandar asibiti, suna tsokanar juna, suna faɗa suna shiryawa, suna kishi, suna satar fita ɗaki da dare, kamar dai yaran kowace makarantar kwana. Ciwo bai mai da su waliyyai ba. Saboda haka ne mutuwar Ignasi ta girgiza mutane. Da tun farko an nuna shi abin tausayi ne kurum, da an yi masa hawaye kaɗan an manta. Amma an bar 'yan kallo sun ji haushinsa tukuna, sa'an nan suka fara sonsa, kana aka ɗauke shi.

Na biyu, ba a ɓoye ciwon ba. 'Yan wasan da suka fito a matsayin masu ciwon daji an aske musu kai ƙwal, don maganin da a ke ɗura wa irin waɗannan marasa lafiya a jini yana kashe duk ƙwayoyin jiki masu saurin yaɗuwa, har da na tushen gashi. An nuna amai, an nuna dungun ƙafa, an nuna uwa tana fita waje ta yi kuka don kada ɗanta ya gani. Waɗanda suka taɓa jinyar ɗa ko ƙane sun gane ɗakin da suka kwana a ciki.

Na uku, a ganinmu kuwa shi ne babba, kowane yaro a cikin wasan yana da muƙami. Yaro mai lafiya yana da aji, yana da wurin zama, yana da waɗanda ke jiransa a filin ƙwallo. Ran da ya kwanta doguwar jinya duk wannan ya kan kuɓuce masa, ya zama lambar gado. Abin da Lleó ya yi shi ne ya mayar wa kowa da abin da ciwo ya ƙwace, har yaron da ba ya ko buɗe ido aka ce ba a iya yi sai da shi. Samari da 'yan mata masu lafiya ƙalau sun gane wannan, don babu abin da ɗan shekara 15 ke tsoro kamar a manta da shi.

INDA YA FAƊI

A Amurka labarin ya sha bamban. Kamfanin Amblin na Steven Spielberg ne ya ɗauki nauyin wasan, aka sa masa suna Red Band Society, gidan talabijin na Fox ya fara nunawa cikin Satumba na 2014. An zuba kuɗi, an kuma ɗauko Octavia Spencer, wadda ta riga ta ci lambar Oscar, ta fito a matsayin babbar ma'aikaciyar jinya. Amma 'yan kallo suka yi ta raguwa, aka tsai da shi a kan kashi 13, na ƙarshe aka nuna cikin Fabrairu na 2015.

Faɗuwar wasa a talabijin dalilanta su kan yi yawa. Amma ƙarar da aka fi maimaitawa a jaridu, da kuma daga bakin waɗansu marasa lafiya da masu jinyarsu, ita ce an yi wa ciwon kwalliya. Ɗakunan asibitin manya manya, an ƙawata su kamar masaukin baƙi na masu kuɗi. Yaran suna ƙyalli, ba alamar wahala a jikin yawancinsu. Akwai yaro guda da aka ce yana da wani ciwon huhu na gado mai toshe ƙirji da majina mai kauri, wanda masu shi ke shafe sa'o'i kullum wajen shan magani da share ƙirji. Masu irin wannan ciwo suka ce ba su ga kansu a jikinsa ba. Bayan haka kuma an ba likitoci da ma'aikatan jinya fili mai yawa da nasu labarin, alhali a wasan asali manya a gefe su ke, yara ke tsakiya.

Watau masu shirya na Amurka sun ji tsoron kada gaskiyar ciwo ta kori jama'a, sai suka rage mata ɗaci. Jama'a kuwa suka tafi duk da haka. Inda aka bar ta da ɗacinta, nan aka zauna.

ABIN DA ZA A IYA SUKA

Kada a ce mun yabi wasan asali ba tare da ganin aibinsa ba. Babu asibitin da zai bar yara marasa lafiya su yi ta yawo tsakar dare kamar yadda aka nuna. Maganar da Toni ke yi da Roc cikin sumarsa ƙagen mai labari ne. An kuma ba kowane namiji muƙami bisa halinsa, ita Cristina kuwa muƙaminta kawai ita ce mace, wannan gajartawa ce. Akwai kuma al'adun Turawa na cuɗanyar samari da 'yan mata waɗanda ba namu ba ne, ba mu kuwa ce a kwaikwaye su ba.

Haɗarin da ya fi waɗannan shi ne mai kallo ya tashi yana tsammani kowane yaro mara lafiya jarumi ne mai fara'a da hikima. Da yawa ba haka su ke ba. Suna jin tsoro, suna fushi, wani lokaci ba su son ganin kowa, kuma suna da iko su zama haka. A tuna kuma asibitin wasan na ƙasar da a ke da magani ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai 30 ba. Zumunci ba ya maye gurbin likita.

ABIN DA YA SHAFE MU

Duk da haka akwai wani abu a nan wanda ba ya bukatar kuɗi. Mu a ƙasar nan cikin cututtukan doguwar jinya da ke taɓa 'yan makaranta akwai amosanin jini, watau sikila. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da a ke haifa da ita, an ƙiyasta kimanin 150,000 kowace shekara. Gadonta a ke yi daga uwa da uba duka biyu. Idan kowannensu yana ɗauke da irinta, watau jininsa AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu ya zo da ita. Ba a ɗaukarta ta wurin zama tare ko cin abinci ƙwarya guda. Sanyi, da ƙishirwa, da gajiya mai tsanani, da zazzaɓin cizon sauro su ne su kan tayar da ita, in ta tashi kuwa yaro ya kan yi mako ko makonni a kwance.

Wata rana cikin aikinmu na duba makarantu mun buɗe rajistar wani aji, muka ga sunan wani yaro an yi masa alamar fashi mako biyar a jere. Muka tambayi malamin, ya ce ai mai sikila ne, kullum haka ya ke. Muka tambayi 'yan ajin ko akwai wanda ya je gaishe shi, aka yi tsit. Gidansu kuwa bai kai tafiyar minti goma daga makarantar ba. Bencinsa ma an riga an ba wani. Ba mu ga laifin malamin shi kaɗai ba, don mu da muka horar da shi mun koya masa yadda a ke cika rajista da yadda a ke fitar da lissafin masu zuwa, ba mu taɓa koya masa abin da zai yi da yaron da ke bayan alamar ba. Mu kanmu a ran nan lissafin muka zo dubawa.

Addininmu da al'adarmu sun ɗora mana gaida mara lafiya, manya kuwa suna yi ba laifi. Amma in yaro ne ya kwanta, galibi iyayensa a ke zuwa gaisarwa. Tsaransa ba a aika su, wani lokaci ma a kan hana su. Ɗakin ya cika da gwaggo da kawu suna sannu, amma babu wanda zai gaya masa wa ya ci ƙwallo jiya.

Saboda haka ga shawararmu ga malamai, musamman waɗanda ke shirin fita daga makarantun horon malamai. In ɗalibi ya yi mako bai zo ba, a bincika dalili, kada a tsaya ga alamar rajista. In ciwon ba mai yaɗuwa ba ne, iyaye kuma sun yarda, a riƙa aika 'yan ajinsu biyu biyu su kai masa darasin da aka yi, su ɗan zauna hira. In mai yaɗuwa ne, kamar tarin fuka, a bi maganar likita, amma ko wasiƙa ce a rubuta masa, kowa ya sa hannu. A bar masa wurin zamansa. In ya dawo a ba shi wani aiki a aji wanda ƙarfinsa zai iya, kamar riƙon alli ko kula da littattafai, don ya san ana bukatarsa. Mai sikila a bar shi ya sha ruwa ya kuma fita bayan gida duk sa'ad da ya nema, kada a sa shi gudu cikin rana ko tsayuwa cikin sanyin hunturu, kada kuma a hore shi saboda fashin da ba shi ya jawo ba. Kafin a gaya wa aji sunan ciwonsa a nemi yardarsa da ta iyayensa, gama asirinsa ne.

Ga iyaye kuwa, in ɗan maƙwabci ya kwanta, ku tafi da ɗanku wurin gaisuwa. Ba zai yi masa illa ba ya ga abokinsa cikin rauni, zai ma koyi abin da babu shi cikin littafi. Miliyoyin mutane a Turai sun zauna mako mako suna kallon yara shida na ƙage suna riƙe da juna, suna share hawaye. Mu namu yaran ba na ƙage ba ne, suna nan bayan katangar makaranta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ikon zuwa inda su ke, amin.